Goyo a Baya, Ciki a Gaba

Yau maganata da mata ce, amma maigida kada ka tashi, da kai a ciki.

Kwanan baya wata mace ta zo ɗakin shan maganinmu da yaro ɗan wata takwas a baya. Ta ce ciwon kai. Na ba ta magani, ta ƙi tashi. Sai da mutane suka watse sa'an nan ta ce, "Malam, wata biyu ke nan ban ga al'ada ba." Ba ta barci. In ta sami ciki, 'yan'uwa su yi mata gorin rurrutsa. In ta ce za ta huta, uwar miji ta ce ta gaji da ɗanta, ga kishiya tana haihuwa. Ta ji kuma ana cewa wadda ta yi allura ta rabu da haihuwa ke nan. Irinta suna da yawa, sai dai ba su faɗi.

To, ga abin da mu ke gaya musu.

A shekarar 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a kan wannan magana. Shawararsu ita ce, mace ta dakata shekara 2 bayan haihuwa kafin ta sake ɗaukar ciki, in kuwa ɓari ta yi, wata 6. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, gama kakanninmu ba su yaye ɗa sai ya kusa shekara biyu. Dalili kuwa, ciki da jego suna cin jinin mace. In ba ta mai da shi ba ta sake ɗauka, sai ƙarancin jini ya kama ta, zubar jini kaɗan a wurin haihuwa ya iya kashe ta. Jaririn ma ya kan zo bakwaini ko ƙanƙane.

Wanda ya fi shan wuya shi ne na baya. Wata likita, Cicely Williams, ta yi aiki a ƙasar da a ke kira Ghana yanzu. A 1935 ta rubuta labarin ciwon da mutanen Ankara su ke kira kwashiyoko, watau ciwon yaron da ƙanensa ya ture daga nono. Kun san shi: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja, yaro ba wasa sai kuka. Ku saurara da kyau a nan. Nonon mai ciki ba dafi ba ne. Yayen gaggawa shi ke jawo wannan. In ciki ya riga ya shiga, kada a cire yaro rana ɗaya a kai shi wurin kaka. A ci gaba da ba shi nono, a haɗa da kunun gyaɗa, da wake, da ƙwai, uwa kuma ta fara zuwa awo.

Waɗansu su kan ce mai shayarwa ba ta ɗaukar ciki. Gaskiya ne, amma da sharaɗi uku: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla ya ke sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, tsarin ya karye.

Daga nan sai taimakon asibiti. Akwai ƙwaya ta kullum, da allura ta wata 3, da ashanar fata da a ke sa wa a dantse ta yi shekara 3 zuwa 5, da robar mahaifa. Ba zan ɓoye muku ba, allura da ashana su kan rikita al'ada, ta riƙa ɗigo ko ta ɗauke. Jinin ba taruwa ya ke yi a ciki ba. Bayan an bar allura, ciki ya kan yi jinkirin watanni, wani lokaci har shekara, amma ba ta hana haihuwa har abada. Ashana kuwa ana cirewa an gama. Mai hawan jini ta faɗa wa ungozoma kafin ta karɓi ƙwaya, kada kuma a saya a kasuwa.

Yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, da macen da ta wuce 35, da wadda ta haihu 5 ko fiye, su ne haihuwa ta fi yi wa haɗari. Su lalle su haihu a asibiti.

Akwai kuma wadda damuwarta dabam ce, ta shekara da aure shiru. Ta zo, amma da mijinta, domin sau da yawa matsalar daga namiji ta ke, a bar mace da gori da shan sassaƙe.

Matar nan da na ba ku labari, an auna ta, ba ciki. Na ce ta komo da maigida. Da fari ya ƙi, daga baya ya zo ran kasuwa, muka zauna mu uku, suka zaɓi abin da ya yi musu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan wankan jego da kunun kanwa. Mu kwana lafiya.