Keke da Rufin Asiri a Dutsin-Ma da Kurfi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wato cikon da gwamnati ke biya a da domin farashi ya sauka, martabar keke ta dawo a Dutsin-Ma da Kurfi, inda manomi ke ɗaure taki a kariya, wato mazaunin baya, ya nufi gona ba tare da jiran ɗan acaɓa ba. Ga mai noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Zobe, keke rufin asiri ne, domin iska da faci kaɗai yake nema, kuma yana raba magidanci da roƙon kuɗin mota. Don haka, wajibi ne direbobin hanyar Katsina su riƙa saurara wa mahaya keke.