Bim ɗin da ake so ya fara tsagewa



Kowane dogon bene yana da lokacin lilonsa, wato tsawon lokacin da yake ɗauka ya karkata ya dawo. A kirdadon injiniyoyi, bene mai hawa 10 da ke tsaye kan ginshiƙai da bim kaɗai yakan ɗauki kusan sakan ɗaya. Idan lokacin ya zo daidai da na motsin ƙasa, abu ya ɓaci. Haka aka gani a girgizar ƙasar birnin Meziko ta 1985: lakar tsohon tafkin da birnin ke kai ta riƙa lilo kusan duk sakan biyu, benaye masu matsakaicin tsawo suka fi shan wahala.

Bangon kankare mai rodi shi ke rage wannan lilo. Amma bango sai da ƙofa da taga, don haka yakan rabu biyu, ba abin da ya haɗa su sai gajeren bim a saman ƙofar kowane hawa.

Ku ɗauki katako biyu ku ɗora ɗaya kan ɗaya ku lanƙwasa, za su zame wa juna. Ku manne su da gam, taurinsu ya ninka huɗu. Bangon ma haka yake. A lissafi, idan haɗin ya cika, lokacin lilo zai ragu da rabi. Bim na gaske yana tsakani: yana sa bango ɗaya ya ja sama, ɗaya ya danna ƙasa, su raba nauyin da ke neman kifar da ginin.

To, ga inda nake so ku natsu. Taurin nan ba tsayayye ba ne. Da girgiza ta yi ƙarfi bim ya fara tsagewa, haɗin ya sassauta, lilon ya ƙara tsawo. Wanda ya yi lissafinsa da kankare lafiyayye, ya lissafa ginin da ba shi ne zai fuskanci ƙarshen girgizar ba. Kwamfuta kuwa ba ta gardama, abin da ka ba ta shi za ta maido maka.

A girgizar Alaska ta 1964, bim ɗin wani bene mai hawa 14 a Anchorage sun tsage gicciye, suka rasa ƙarfinsu. Wannan matsala ce Farfesa Thomas Paulay na Jami'ar Canterbury a New Zealand ya bi diddiginta. Shi da abokin bincikensa Binney suka nuna a 1974 cewa idan aka gitta rodin daga kusurwa zuwa kusurwa, bim zai lanƙwasu ya dawo sau da yawa yana shanye ƙarfin girgizar. Da gangan ake barinsa ya riga bangon gajiya, domin bangon ne ke ɗauke da hawa-hawan da mutane ke ciki.

Maƙera rodi ba sa son wannan aiki, cusa rodin a gicciye akwai wahala, kankare kuma da ƙyar yake ratsawa. Shi ya sa mai duba aiki ya kamata ya kasance a wurin ranar da za a zuba.