A kare zabiya daga zafin rana

Malamin likita na Ɗan Gulbi ya tara iyaye a inuwar bedi, ya yi musu jawabi kan yara zabiya.

Ya ce zabiyanci gado ne daga uwa da uba, ba aikin iska ba ne. Fatar zabiya ba ta da baƙin da ke tare rana, shi ya sa take ƙonewa, ta yi ja, ta yi bororo. Kada a tura shi kiwo ko noman hatsi daga hantsi zuwa la'asar. A sa masa malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu, ko ranar hazo.

Miki in ya ƙi warkewa yana iya zama ciwon daji. Kada a tsaya shafa man kaɗe, a kai yaron likitar Dakoro.