Idan al'ada ta ɗauke, a kula da jijiyoyin jini

Jawabin wata ungozoma ga matan makarantar yaƙi da jahilci a Gidan Amumune



Mace takan daina ganin al'ada tsakanin shekara 45 da 55. Wannan ba ciwo ba ne. Amma akwai abin da ke canzawa cikin jiki, wanda ido ba ya gani.

Jini yana bin jijiyoyi kamar yadda ruwa ke bin tiyo zuwa garka. Muddin mace tana al'ada, jikinta yana yin wani sinadari mai sa jijiyoyi su yi taushi. Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin ya ragu. Sai wani kitse da likitoci ke kira kolestarol ya ƙaru cikin jini. Yana mannewa jikin jijiya, hanya ta ƙuntata. Ran da ta toshe, sai ciwon zuciya ko shanyewar rabin jiki. Wasu su ce iskoki ne, alhali jijiya ce ta toshe.

Akwai maganin rage wannan kitse, ana ce masa statin. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya gano irinsa na farko jikin funfuna a 1973. An fara sayar da wani irin statin a Amurka a 1987. Yana hana hanta yin kitsen da yawa, yana kuma taimaka wa jijiya ta saki.

Amma ba kowa ke shan shi ba. Sai likita ya auna jini ya rubuta. Ana shan shi kullum, ba a dainawa don an ji sauƙi. Mai ciki da mai shayarwa ba su sha. Wadda ta ji ciwon naman jiki ta koma wurin likita. Kada a saya hannun masu tallar ƙwayoyi a kasuwa.

A gida kuwa, a rage man shanu, kitsen nama, gishiri da magi. A yawaita wake, zogale da yakuwa. A riƙa tafiya da ƙafa.

Duk wadda ta wuce shekara 45 ta je gidan likita a yi mata awon tansiyo. Idan ya kai 14 bisa 9, ta bi maganar likita. In ya tura ta Mayahi, Tasawa ko Maraɗi, maigida ya taimaka da kuɗin mota.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya.