Injin Leza Wuta Ne: A San Yadi Kafin A Zuba Jari

Jawabin akawun ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, a Paga

Ranka ya daɗe Shugaba, dattawan ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi, iyayena da yayyena da kuka taso daga Salaga, Yendi da Bawku, da maƙwabtanmu na Dakola da Po, barkanku da zuwa. Allah ya maimaita mana.

An umarce ni in yi bayani kan injin leza mai yanka yadi, domin wasu daga cikinmu suna shawarar sayensa. Maganata ɗaya ce: injin nan wuta ne, kuma ba kowane yadi ke jure wuta ba.

Ba almakashi a cikinsa, ba wuƙa. Haske yake tarawa wuri ɗaya, kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Irin wanda aka fi yanka yadi da shi, mai aiki da iskar CO2, a Amurka aka ƙirƙiro shi a 1964. Ana zana fure a kwamfuta, hasken ya bi zanen, ya fitar da guda ɗari iri ɗaya sak.

Ga yadin roba, wato foliyesta, injin nan gwani ne. Zafinsa na narkar da bakin yadin ya like shi, zare ba ya warwarewa. Hajiyoyi masu sayar da leshi, ku shafa bakin hujin furen: idan kun ji shi da ɗan tauri kuma babu zare ko ɗaya, yankan leza ne.

Auduga kuwa ba ta narkewa, ƙonewa take yi. Bakinta yakan yi baƙi-baƙi, ya yi ƙauri, kuma ba ya likewa yadda na roba ke yi. Farar shadda za ta nuna tabon nan take. Haka saƙin hannu na Daboya da Yendi da ake ɗinka fugu da shi, haka Faso Dan Fani na Burkina. Darajar fugu tana hannun masaƙi da tela, ita ce rigar da Kwame Nkrumah ya sa lokacin shelar 'yancin kai a 1957. Mu bar ta inda take.

Gwajin ba wuya: a zare zare ɗaya a kusanta shi da ashana. Auduga tana warin ƙonannar takarda, ta bar toka. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri.

Sai abin da ya shafi rai. Fatar roba da ake yin jaka da kujerar babur da ita, da yawa PVC ce. Idan leza ta ƙona ta, hayaƙi mai guba ke fita, yana cutar da huhu da ido, yana kuma sa ƙarfen injin tsatsa. A gasa wayar jan ƙarfe, a taɓa fatar, a mayar cikin wuta. Idan harshen wutar ya koma kore, kada fatar ta kusanci injin.

Yanzu lissafi. Kuɗin da dillali ya faɗa ba shi ne ƙarshe ba. Akwai kuɗin jirgi, da fiton kaya a Tema, da motar da za ta kawo shi arewa. Akwai na'urar sanyaya ruwa, da fankar fitar da hayaƙi, da na'urar daidaita wuta, domin duk mun san wutar NEDCo takan yi sama da ƙasa. Bututun gilashin da ke haifar da hasken yana tsufa, dole a sauya shi. Ƙurar hunturu tana zama kan madubansa, kullum sai an goge. Kuma ba a kunna shi a tafi masallaci, yadi na iya kamawa da wuta.

Akwai kuma maganar boda. Burkina Faso, Mali da Nijar sun fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025. Yadin da aka shigo da shi daga China aka yanka a Paga, ba lallai kwastam su ɗauke shi kayan gida ba. A tambaya a ɓangarorin biyu kafin a yi lodi.

Ina roƙon dattawa su duba shawara uku. Na farko, kada kowa ya biya kuɗi sai an gwada injin da ƙyallen yadin da yake sayarwa, a gabansa. Na biyu, idan za a saya, a haɗa hannu a sayi guda ɗaya, mambobi su riƙa kawo aiki suna biya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, a tura yaranmu biyu su koyi zane da gyara tun kafin injin ya iso, kada ya tsaya a rasa mai taɓa shi.

Kakanninmu da suka ci kasuwar goro a Salaga ba sa sayen huhu sai sun buɗe sun duba. Mu ma mu duba. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya mai da kowa gida lafiya.