Waliyyai a Idon Masanin Tarihi: Ayyukan Peter Brown da André Vauchez da Amfaninsu ga Tarihin Karkarar Arewacin Kano

Gabatarwa

Wannan takarda ta duƙufa ne a kan ayyukan masana tarihi biyu da suka shafe shekaru suna nazarin mutanen da Kiristoci suka ɗauka waliyyai, tun daga ƙarshen daular Rum a ƙarni na 4 da na 5 har zuwa ƙarni na 15, domin a ga abin da hanyar bincikensu za ta amfana wa mai son rubuta tarihin malamai da waliyyai a karkarar arewacin Kano. Takardar ba ta zo kwatanta aƙidu ba, kuma ba ta zo raba gardamar da ke tsakanin 'yan ɗariƙa da masu sukarsu ba, domin wannan fage ne na malaman tauhidi. Abin da ya shafi masanin tarihi shi ne yadda jama'a ke shaidar wani da kusanci ga Allah, da waɗanda ke yaɗa wannan shaida, da abin da take haifarwa a zaman tare.

Peter Brown da rushe ra'ayin hawa biyu

Peter Brown, wanda aka haifa a Dublin ta ƙasar Ailan a 1935, ya kuma koyar a jami'o'in Oxford da Berkeley da Princeton, ya fitar da wata maƙala a 1971 a kan bayyanar mutumin Allah da aikinsa a ƙauyukan Siriya, inda ya nuna cewa masu zuhudu irin su Saminu mai ginshiƙi, wanda ya zauna fiye da shekara 30 a kan wani ginshiƙin dutse kusa da Halab har ya rasu a 459, ba su rabu da al'amuran jama'a ba kamar yadda ake zato. Manoma kan je wurinsu da rigimar bashi da ta ruwa da ta iyakar gona, da kukan nauyin haraji, saboda manyan masu ƙasa sun tare a birane, ƙauye kuwa yana bukatar wanda zai tsaya masa, wanda ba dangin kowa ba ne a rigimar, ba ya kuma cin abincin kowa. Zuhudun nan da ya fitar da mutum daga sahun masu neman duniya shi ne ya sa hukuncinsa ya karɓu ga ɓangarorin biyu.

A littafinsa na 1981, The Cult of the Saints, ya kai hari ga wani tsohon ra'ayi da ya kira ra'ayin hawa biyu, wanda ya danganta asalinsa ga masanin falsafa David Hume na ƙarni na 18. Ra'ayin yana cewa addini kashi biyu ne: na sama, wanda yake tsarkakakke a hannun masu ilimi, da na ƙasa, wanda yake cike da camfi a hannun talakawa, kuma girmama kaburburan waliyyai tsohuwar bautar gumaka ce da talakawa suka shigo da ita ta bayan gida. Brown ya nuna cewa shaidun tarihi sun saɓa wa haka, domin shugabannin coci da attajirai ne suka jagoranci lamarin. Ambrose, bishop na birnin Milan, shi ya tono ƙasusuwan shahidai biyu a 386 ya kai su sabuwar majami'arsa, kuma Augustine, babban malamin Hippo da ke Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, shi ya sa a riƙa rubuta labaran warakar da aka ce an samu a wurin ziyarar shahidi Istifanus. Su ɗin ne kuma suka hana ciye-ciye da shaye-shaye a kan kaburbura, wato hannun da ya ɗaukaka al'adar shi ne ya yi mata linzami. Daga baya Brown ya sassauta matsayinsa na farko, inda a wata maƙala ta 1983 ya ƙara ba da ƙarfi ga waliyyi a matsayin abin koyi a ibada, ba mai sasanta rigima kaɗai ba.

André Vauchez da takardun shaida

André Vauchez, Bafaranshe da aka haifa a 1938, ya bi wata hanya dabam a littafinsa na 1981, inda ya karanta takardun binciken da fadar Fafaroma ta gudanar tsakanin 1198 da 1431 kafin ta tabbatar da waliccin mutum. Tun daga 1234 dokar coci ta keɓe wannan iko ga Fafaroma shi kaɗai, saboda haka sai a tura wakilai garin mamacin, su rantsar da shaidu, manoma da mata da barorin gida da limamai, su rubuta abin da kowa ya gani ko ya ji. Daga nan ya gano cewa wanda jama'ar gari ke so da wanda hukuma ke amincewa da shi ba kullum suke zama ɗaya ba, domin jama'a sun fi kallon waraka da biyan bukata, hukuma kuwa ta ƙara karkata ga kyawun hali da ingancin aƙida, har da yawa daga waɗanda aka bincika ba a taɓa tabbatar da su ba, amma mutanensu ba su fasa ziyartarsu ba.

Abin da ya dace da ƙasar Hausa

Ra'ayin hawa biyu ba baƙo ba ne a nan, domin ana jin sa a rubuce-rubucen jami'an mulkin mallaka, ana kuma jin sa a bakin wasu 'yan boko da wasu masu wa'azi, waɗanda ke ganin neman albarkar waliyyai ragowar Maguzanci ce da ta maƙale a ƙauye. Rubutattun shaidu ba su goyi bayan wannan ba. Gidado ɗan Laima, Wazirin Sakkwato, shi ya tattara karamomin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wato abubuwan ban mamaki da Allah ke gudanarwa a hannun bayinsa na gari, a littafin Raudul Jinan, kuma matarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙar tawassuli da mata salihai, inda ta jero irin su Rabi'atul Adawiyya tare da matan jama'ar Shehu da ta sani da idonta. Shehu da kansa ya ba da labarin ganin Shehu Abdulƙadir Jilani yana ɗaura masa takobin gaskiya, amma shi ne kuma a Ihya'us Sunna ya lissafa shafar kabari don neman tubarraki cikin bidi'o'i, ya kuma rubuta littafi yana musanta cewa shi ne Mahadi. Ashe dai a nan ma masu alƙalami ne suka rubuta karama, su ne kuma suka shata mata iyaka.

Haka abin yake a Kano. Littafin Tarihin Kano, wanda John Hunwick ya yi hujjar cewa an tsara shi a ƙarshen ƙarni na 19, ya kawo labarin Wangarawa ƙarƙashin Abdurrahman Zaite suna addu'a a kan masu ƙazantar da masallaci har suka makance, labarin da aka adana a fada, ba a bukkar manomi ba. Priscilla Starratt ta tattara labaran baka a kan Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, kuma maukibin Ƙadiriyya da ake fita kowace shekara daga gidan Ƙadiriyya zuwa maƙabartar Maigiginya, Shehu Nasiru Kabara ne ya assasa shi, malamin da ba wanda zai kira jahili. A Katsina ma Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani marubuta ne kafin kaburburansu su zama wuraren ziyara.

Sai dai akwai bambanci babba da dole a riƙe: Musulunci ba shi da wata hukuma mai tabbatar da walicci, ba kuma a tono gawa a rarraba sassanta kamar yadda aka yi a Turai. Shaidar jama'a da ta almajirai da ta shehunan ɗariƙa ita ce ke ɗaga sunan mutum, kuma ita ce ke barinsa ya shuɗe. Illar wannan ga masanin tarihi ita ce ba shi da irin taskar da Vauchez ya samu, inda muryar manomi ta shiga takarda da rantsuwa.

Karkarar arewacin Kano

A nan ne gibin ya fi faɗi. Manyan ayyukan da aka yi a kan ɗariƙu da malamai, kamar na John Paden a 1973 da na Roman Loimeier a 1997, sun fi mayar da hankali ga birni da manyan shehunai, alhali yankin Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta da Makoɗa yana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya bayyana yadda ake noma gona kowace damina ba hutu, ana ciyar da ita da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa, kuma Polly Hill ta nuna a 1977 yadda rabon gado ke ƙanƙanta gonaki a kewayen Kano. Inda ƙasa ta yi tsada haka, rigimar iyaka da ta gado da ta jingina ba ta ƙarewa, kuma kafin zuwan Turawa a 1903 masu sarautar da ke riƙe da garuruwan suna zaune ne a birni, jakadunsu ke zuwa karɓar kuɗin ƙasa. Sai a farkon mulkin mallaka aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, irin su Madaki a Dawakin Tofa da Sarkin Bai a Ɗambatta.

Wannan yanayi ya yi kama da wanda Brown ya zana a Siriya, har ya halatta a yi tambayarsa a nan: wa ke tsaya wa ƙauye? Malamin tsangaya, wanda sau da yawa baƙo ne da ya sauka da almajiransa aka ba shi fili a gefen gari, shi ke raba gado da lissafin fara'ili, shi ke jan sallar roƙon ruwa idan damina ta yi gardama, shi ke rubutun sha ga mara lafiya, wurinsa kuma ake kai ƙarar da ba a so ta kai gaban dagaci. Cewa irin wannan malami na iya zama ƙarfin siyasa ba zato ba ne, domin a wajajen 1846 Malam Hamza na Tsakuwa, a kudancin Kano, ya ƙi biyan harajin da aka ɗora wa malamai, ya yi ƙaura da mutanensa zuwa duwatsun Ningi, inda labarin abubuwan mamakin da ake danganta masa ya taimaka wajen tara mabiya, har aka kafa ikon da ya dami Kano shekaru da dama, kamar yadda Adell Patton ya nuna. Abin da ya kamata a bincika a arewacin Kano shi ne takwarorinsa da ba su yi tawaye ba, waɗanda saboda zaman lafiyarsu ba su shiga littafin fada ba.

A nan gyaran da Brown ya yi wa kansa yana da muhimmanci, domin mai binciken da ya mayar da malami alƙalin sulhu kawai ya zubar da abin da mutanen garin suka gani a wurinsa, wato tsayuwar dare da azumi da tsantseni da haddar Alƙur'ani. Idan dattijo ya ce wane waliyyi ne saboda bai taɓa cin abin da bai san asalinsa ba, wannan magana shaida ce a kan ma'aunin da garin ke auna nagarta da shi, kuma ya kamata a rubuta ta yadda aka faɗa, ko mai rubutun ya yarda da karama ko bai yarda ba.

Madogarar bincike ba ta rasu gaba ɗaya ba. Akwai bayanan shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, cike da ƙararrakin gonaki daga karkara. Akwai rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan daraja da saurin lalacewa, wato salsalar ɗariƙa da ijazozi da marsiyyoyin ajami da ke cikin gafakar jikokin malamai. Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 wasu iyalai sun rage ba da labaran karamar kakanninsu, gine-gine da noma kuma suna matsar tsofaffin maƙabartu da hurumin tsangayu, dattawan da suka ga zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya rasu a 1953, suna ta ƙarewa.

Saboda haka takardar tana kira ga sassan Tarihi da Larabci da Harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da su tura ɗalibai gunduma-gunduma a arewacin jihar da rani, lokacin da manoma ke da sarari, su ɗauki muryar maza da mata a kan kowane malami da garinsa ke ambata da walicci: daga ina ya zo, wa ya ba shi fili, wa ya karantar da shi, wace rigima ya kashe, su wa ke ziyartar kabarinsa, su wa suka daina, kuma a wace shekara. A ɗauki hoton takardun da iyalai suka yarda a gani, a bar musu asalinsu a hannunsu.