Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Binciken Noman Auduga



Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Shugaban taro, malamanmu, sarakunan noma da suka yi sammako daga garuruwansu, iyayen yara, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, ina yi muku barka da wannan rana.

Auduga ba baƙuwarmu ba ce. Tun kafin Bature ya zo, iyayenmu mata suna kaɗi, masaƙa suna saƙa, marina suna turawa a Ƙofar Mata. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa tashar bincike a Samaru a 1922, injinan gurza suka tashi a Funtuwa da Gusau da Malumfashi, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957. Yau ciyawa ta cinye harabar yawancin masaƙun nan. Dalilan suna da yawa, amma wuta na sahun gaba: wanda ke saƙa da janareta ba zai yi gogayya da atamfar da aka saƙa inda lantarki ba ya ɗaukewa ba.

Bari in ɗan jima a kan ruwa. Audugarmu ruwan sama take sha. Malaman Samaru sun daɗe suna cewa a shuka ta a tsakiyar Yuni, manomi kuwa sai ya gama da gero da dawa, ya yi noman fari, sannan ya waiwayo ta a Yuli. Na sha jin ana kiran wannan taurin kai, ni kuwa ban yarda ba. Mai iyali ne ya sa tuwon gidansa a gaba. Sai dai in damina ta ɗauke ƙwallon bai cika ba, buhu ya yi sauƙi a kan sikeli. To aikinku ke nan: irin da zai nuna da wuri, kamar yadda magabatanku suka yi ta ƙoƙari da jerin SAMCOT, da ɗaure kunya don ruwa ya tsaya ya ratsa ƙasa, da takin gida, da juya shuka da waken soya ko gyaɗa.

Wasu za su ce a koma noman rani. A Sudan an yi haka a Jazira tun 1925, da madatsar Sennar, kuma Hausawa da yawa sun ci abinci a gonakin nan. Amma ku tuna da tafkin Aral. Daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyat ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya da ke cika shi zuwa gonakin auduga, har jiragen masunta suka wayi gari a kan yashi. Mu ma ruwan madatsar Tiga da masu shi: shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa, mutanen birnin Kano, ga masunta da makiyayan fadamun Haɗeja da Nguru can ƙasa suna jira. Duk wanda zai ƙara musu auduga, ya fara zuwa da lissafi.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, manoma suka raja'a ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Madalla. Amma a da tsadar mai ce ke sa mutum ya kashe inji. Yanzu da rana ba ta karɓar kuɗi, me zai tsayar da shi? Ina so wani cikinku ya sa awo a rijiyoyin fadama, ya faɗa mana nawa ruwan ke sauka kowane rani.

Sarakunan noma, ga 'ya'yanku nan. Ku ba su gefen gona su yi gwaji, in sun kauce ku gyara musu.

Allah ya sa albarka a takardun da za ku karɓa, ya saka wa iyaye da malamai, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.